Fyaɗe da rufin asiri: me ya sa yarinyar ce ke barin lakwal da unguwa?

Malamar Kolej ta rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da ƴan'uwana na wannan zaure. Ni malama ce a wata kolej a cikin garin Damagaram, wato Zinder, kuma na zo da maganar da ta fi ƙarfina, ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin addini da doka da sha'anin lafiya. Ba zan ambaci sunan kowa ko unguwa ba, kuma ina roƙon kada a tambaye ni.

Ina da ɗaliba marainiya mai shekara 14, tana cikin masu ƙoƙari a ajinta, da la'asar kuma takan ɗauki tallar gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta mahaifiyarta, domin da ribar tallar nan ake ciyar da gidan tun rasuwar ubanta. Shekaranjiya da yamma wani magidanci da ya saba sayen kayanta ya ce ta shigo zaure ta karɓi kuɗinta, da ta shiga ya tura ƙofa ya yi mata fyaɗe. Ta koma gida da farantinta ba ta ce uffan ba, sai da uwar ta lura da yadda take tafiya, ta ga jini a zanenta, sannan ta faɗi abin da ya faru. Uwar ce ta zo ta same ni a ɓoye, saboda ta san yarinyar ta saba da ni.

Baffanninta sun zauna jiya sun yanke shawara. Za a kai maganar wurin mai unguwa, mutumin ya biya kuɗin magani ya ba da haƙuri, a rufe zancen. Ita kuma yarinyar za a cire ta daga lakwal, wato makaranta, a kai ta wurin gwaggonta a ƙauye, in an samu wanda zai karɓe ta a ɗaura mata aure kafin magana ta fasu. Ba a kira uwar cikin zaman ba, daga bayan ƙofa ta ji abin da aka yanke a kan ƴarta. Shi kuwa mutumin da safiyar yau yana zaune a ƙofar shagonsa, ana gaisawa da shi kamar kullum.

Tambayata ta farko ita ce me ya kamata mu yi yanzu, ni da uwar, ba tare da mun ƙara jefa yarinyar cikin wani bala'in ba. Ta biyu ta fi damuna, domin wannan ba shi ne karo na farko da kujera ta zama wayam a ajina a kan irin wannan dalili ba. Ta yaya aka yi a garin da ya yi suna da ilimin addini da sarauta, wadda aka zalunta ita ce ke rasa karatunta da gidansu da ƙawayenta da damar zaɓen miji, wanda ya yi zaluncin kuwa bai rasa ko wurin zamansa a sahun masallaci ba? Shin addini ne ya ce a yi haka, ko doka ce ta gaza, ko mu ne muka zaɓi hakan muka sa masa suna rufin asiri?

Ungozoma ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Kafin a shiga muhawarar mai unguwa ko kotu, akwai abin da ba ya jira, don haka ki karanta wannan ki tashi. Tunda shekaranjiya da yamma abin ya faru, kuna dab da ƙarshen lokacin da magani zai yi amfani. Maganin da ke hana kamuwa da ƙwayar cutar sida dole a fara shan sa cikin awa 72, a ci gaba da sha har kwana 28. Ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa tana aiki har zuwa awa 120, wato kwana 5, amma ƙarfinta yana raguwa da kowace rana da ta wuce. Bayan waɗannan akwai maganin cututtukan sanyi, da allurar rigakafin ciwon hanta, da ta tetanos idan akwai rauni. Ku kai ta yau ɗin nan cibiyar kula da lafiyar uwa da yaro ta Zinder, ko babban asibitin ƙasa, ko gidan likita mafi kusa wanda zai tura ku gaba. Neman magani ba ya jiran kai ƙara, kuma uwa ba ta bukatar izinin baffa kafin ta kai ƴarta wurin likita.

Zanen da ke da jini da sauran tufafin da ta sa ranar kada a wanke su. A shanya su a inuwa su bushe, a naɗe su cikin takarda mai tsabta, kada a sa a leda domin laima tana ɓata shaida. Ku roƙi likita ya rubuta takardar abin da ya gani, ku adana ta ko da ba ku yanke shawarar zuwa kotu ba tukuna, domin rauni yana warkewa cikin ƴan kwanaki, bayan nan kuma sai a wayi gari maganarta ce kawai da tasa.

Abin da ya sa nake matsa miki shi ne abin da idona yake gani a ɗakin haihuwa. Yawancin yaran da aka yi wa haka ba sa zuwa mana a kwanakin farko. Sai ciki ya kai wata biyar ko shida, an ɗaure shi tamau da ɗankwali a ƙarƙashin hijabi, sannan wata gwaggo ta kawo ta da daddare tana cewa ciwon ciki ne. Ƙugun yarinya mai shekara 13 ko 14 bai gama buɗewa ba, idan kuma aka ɓoye ta a ƙauye naƙuda ta yi tsawo babu asibiti kusa, abin da ke biyo baya sau da yawa shi ne jariri ya mutu a ciki, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari. Wasu tsoro kan sa su haihu su kaɗai su jefar da jaririn, daga nan sai gidan kaso, alhali wanda ya yi cikin babu mai tambayar sa. Duk wannan daga shirun kwana ukun farko yake farawa.

Sai kuma abin da ba a gani da ido. Za ki ga ta daina cin abinci, ko tana firgita cikin barci, ko ta yi ta wanka ba ƙaƙƙautawa, ko ta zauna shiru tana kallon bango. Kada a ce iska ce ta taɓa ta. Kada kowa ya tambaye ta me ya kai ta zauren, ko me ya hana ta yin ihu, domin tsoro yakan sandarar da jiki har murya ta ƙi fita, wannan kuma sananne ne ga duk mai aikin lafiya. Ke da ta amince da ke, ki gaya mata da bakinki cewa kin yarda da maganarta kuma ba laifinta ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin uku a duniya takan gamu da duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i a rayuwarta, saboda haka ba Damagaram kaɗai ke da wannan cuta ba, amma ɗalibarki a yau mu ne a kusa da ita.

Dattijon Birni ya amsa:

Ƴata Malama, Allah ya saka miki da alheri, Allah ya isar wa marainiyar nan. Maganar asibiti babu mai jayayya da ita. Amma ina so ku matasa ku fahimci baffannin nan kafin ku yanke musu hukunci, domin na zauna a irin wannan zaure, na san abin da ke zukatan masu zama.

Ba son mutumin suke yi ba. Tsoronsu shi ne ranar da aka shiga kwamisariya, magana ta bar gida ke nan. Kafin magariba ta kai fadar samari, ta kai wayoyi, an ƙara mata gishiri. Shari'a kuma ba ta ƙarewa a wata ɗaya, ana iya shekara ana kai da komo, talaka yana barin sana'arsa yana biyan kabu-kabu, a ƙarshe wataƙila mutumin ya fito. Ko an ɗaure shi, sunan yarinyar ya riga ya tafi. Duk wanda ya zo neman aurenta, sai wata tsohuwa a danginsa ta ja shi gefe ta raɗa masa, har ƙannenta mata sai abin ya shafa. Mutanen da suka ce a rufe suna auna wannan ne, suna ganin zafi ɗaya ya fi biyu sauƙi. Ban ce sun yi daidai da suka hana uwa zama ba, kuma cire ta daga karatu bai kwanta mini ba. Amma duk mai cewa a je kotu, ya gaya mini wa zai aure ta bayan an gama, domin a garin nan mace marar aure kun san matsayin da ake ba ta.

Almajirin Fiƙihu ya amsa:

Baba Dattijo, Allah ya ƙara girma. Tsoron da ka bayyana gaskiya ne, amma ina neman izini in raba shi da addini, domin sau da yawa ana lulluɓe wannan shawara da rigar Musulunci alhali ba tata ba ce.

Wadda aka tilasta ba ta da zunubi kuma ba ta da haddi, malamai ba su yi saɓani a kan wannan ba. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya hukunta wa wanda ya tilasta wa mace biyan sadakinta, Malik kuma ya ce hukuncin a wurinmu shi ne mai fyaɗe ya biya sadakin irinta, a kuma tsayar masa da haddi, ita kuwa babu uƙuba a kanta ko kaɗan. A lura da kyau, kuɗin ƙari ne a kan hukunci, ba fansar hukunci ba ne, kuma haƙƙinta ne ita kanta, ba na baffanni ba. Abin da ake shirin yi a zauren mai unguwa ya ɗauki rabin hukuncin ya watsar, ragowar rabin kuma ya rage shi zuwa kuɗin magani. Alƙali Ibnul Arabi, babban malamin Malikiyya na Andalus, ya tafi nesa da haka, domin da aka kawo masa shari'ar mutanen da suka sace mace da ƙarfi, ya sa laifin a babin fashi, yana mai cewa fashin mutunci ya fi fashin dukiya muni.

Game da shiru kuwa, Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Wa'ilu ɗan Hujur labarin matar da ta fito za ta salla wani ya auka mata. Ta yi kururuwa, ta gaya wa mutanen da suka zo wucewa, aka kai maganar gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Bai ce mata ta tona wa kanta asiri ba, bai tambaye ta me ya fitar da ita ba, ya sallame ta babu laifi a kanta, hukunci ya hau kan namijin. Suturar da hadisi ya kwaɗaitar a kanta ta mutumin da ya yi saɓo ne tsakaninsa da Ubangijinsa. Wanda ya keta haddin marainiya, kuma gobe wata mai talla za ta tsaya a ƙofar zaurensa, rufa masa asiri taimako ne a kan zalunci.

Akwai wata mas'ala da ya kamata baffannin su sani, domin ta nuna cewa ɓoyewar ita kanta cutarwa ce ga yarinyar. A mazhabarmu, idan ciki ya bayyana ga mace marar miji ta ce tilasta ta aka yi, ana neman alamar da ke gaskata ta, kamar ta zo tana jini ko ta nemi agaji a lokacin da abin ya faru. Wannan yarinya ta zo da alamar, uwarta ta gani. Idan aka wanke zanen aka yi shiru, ciki kuma ya fito bayan wata huɗu, waɗanda suka ce a rufe su ne suka shafe mata hujjarta da hannunsu, suka bar ta a bakin duniya a matsayin mazinaciya. Masu yaɗa irin wannan suna kuma su tuna da bulala 80 da Suratun Nur ta tanada ga mai yi wa kamammiyar mace ƙazafi.

Batun aure kuma, ikon tilasta wa budurwa a fiƙihun Malikiyya na uba ne, ko wasiyyin da uba ya ba wannan iko. Baffa ba shi da shi. Marainiya ba a aurar da ita sai da yardarta. Tambayarka ta wa zai aure ta, Baba, mu maza ya kamata ta kunyata, domin mu ne muke ƙin wadda Allah bai ɗora wa laifi ba, muna kuma ba wanda ya yi laifin ƴaƴanmu.

Malamar Kolej ta sake rubutawa:

Na gode, Allah ya saka. Inna Ungozoma, mun je da uwar, an duba ta an fara ba ta magungunan, takardar likita kuma tana hannunmu. Abin da ya rage shi ne uwar tana tsoron baffannin, domin a gidan gadon mijinta take zaune da sauran yara. Ina so wanda ya san doka ya gaya mini ko sulhun mai unguwa yana hana hukuma shiga maganar, ko ni da ba danginta ba ina da bakin kai rahoto, da kuma ko akwai abin da zan riƙe a hannu in hana a cire ta daga lakwal.

Tsohon Magatakardan Kotu ya amsa:

Malama, sannu da ƙoƙari. Kundin hukunta laifuffuka na Nijar, kamar yadda aka gyara shi a 2003, ya bayyana fyaɗe a aya ta 283 a matsayin duk wani shiga jikin mutum ta hanyar jima'i da ƙarfi, ko tilas, ko barazana, ko shammata. Aya ta 284 ta sa ɗaurin shekara 10 zuwa 20, idan kuma wanda aka yi wa bai kai shekara 13 ba, 15 zuwa 30. Hukuncin yana ƙara nauyi idan mai laifin mahaifi ne, ko malami, ko wani mai iko a kan yaron. Fyaɗe yana cikin manyan laifuffuka, ikon sulhu da doka ta ba sarakuna da masu unguwanni kuwa ya tsaya ne a kan rigingimun al'ada da na dukiya, irin su gona da bashi da aure. Saboda haka duk abin da aka ƙulla a zaure ba ya ɗaure hannun mai gabatar da ƙara, ko da dangi sun ce sun yafe. Kina iya kai rahoto da kanki wurin ƴan sanda, inda akwai sashen kula da yara da mata, ko wurin jandarma, ko kai tsaye ofishin mai gabatar da ƙara a babbar kotun Zinder. Ya fi kyau ku tafi tare da uwar, domin ita ce mai tsaya wa yarinyar. Batun kuɗin lauya, akwai hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011 domin taimakon shari'a kyauta, yara da matan da aka ci zarafinsu suna cikin waɗanda ta rataya a wuyanta. Ƙungiyar mata masana shari'a ta Nijar da ƙungiyar SOS FEVVF mai taimakon mata da yaran da aka ci zarafinsu a gida su ma suna raka mata a irin wannan hali. Ana kuma iya roƙon kotu ta saurari shari'ar a asirce.

Batun lakwal, ki nemi dokar da gwamnati ta fitar a watan Disamba na 2017 kan kare yarinya da tallafa mata a lokacin karatunta. Ki kai wa shugaban makarantarku da kwamitin iyaye, domin da ita za ku tsaya a kan cewa ɗaliba mai shekara 14 ba a cire ta don a yi mata aure, kuma ko ciki ya fito ba a rufe mata ƙofar aji.

Baba Dattijo bai yi ƙarya ba game da jinkiri. Na ga fayil ya kwana biyu a kan tebur, na ga an sauya laifin fyaɗe zuwa ƙaramin laifi na keta kunya don a gama da wuri, na ga uwa ta gaji ta daina zuwa. Dokar ma tana da giɓi, domin ba ta ambaci tilastawa tsakanin miji da mata da suna ba, Nijar kuma ta sa hannu a yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin matan Afirka amma majalisar dokoki ta ƙi amincewa da ita a 2006. Sai dai abin da na lura da shi a shekarun aikina shi ne, mutumin da aka kawo gaban alƙali kan fyaɗe, in aka bincika, sau da yawa an taɓa yi masa sulhu a unguwa. Wato yarinyar da ke gabanmu ita ce ta biya kuɗin rufin asirin da aka yi a baya.

Ga mai ganin talaka mace ba ta iya cin shari'a, ya tuna da Hadijatu Mani. An sayar da ita a 1996 tana da shekara 12 a kan jaka 240 ta sefa, ta zama wahaya, wato baiwar da ake ajiyewa bayan matan aure huɗu, a gidan wani mutum a yankin Ƙonni, yana kwana da ita ba da sonta ba har ta haifa masa ƴaƴa. Da taimakon ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ta kai ƙasar Nijar kanta ƙara, a ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ce gwamnati ta gaza kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Kafin ta kai nan har gidan kaso an jefa ta saboda ta auri wanda take so. Ba na ɓoye muku cewa hanyar shari'a tana da wuya, amma akwai ta.

Uwar Ƴan Mata ta amsa:

Malama, ina gaishe ki, ina gaida Baba da malamai. Ni ƴar kasuwa ce, na aurar da ƴaƴa mata, ina da sauran a gabana, kuma tambayarki ta biyu nake so in taɓa, domin barnar fyaɗe ba ta tsayawa a kan wadda aka yi wa. Duk lokacin da aka yi wa yarinya ɗaya aka rufe, iyayen unguwar gaba ɗaya sun ji, ko da ba a faɗa a fili ba, kuma kowa zai koma gida ya taƙaita tasa ƴar. Wannan zai ce ta bar darasin yamma, wancan zai ce kolej ta yi nisa, wani kuma zai karɓi sadakin da a da ya ce sai ta gama karatu. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kafin 15, jihar Zinder kuma tana cikin waɗanda suka haura kashi 80. Ana yawan cewa talauci ne da al'ada, kuma haka ne, amma ki zauna da iyaye mata ki ji abin da suke faɗa da bakinsu, za su ce miki gara ta yi a ɗakinta da a jawo mana abin kunya. Tsoron abin da namiji zai yi shi ne ake biya da karatun mace.

Ki duba ƴan matan ƙauyukan Mirriya da Magariya da Matamaye da suka ci jarrabawar shiga kolej. Da yawa sai an kawo su gari an ajiye a gidan wani, suna yi masa wanke-wanke da ɗebo ruwa, idan wani a gidan ya taɓa su ba su da wanda za su gaya wa, domin faɗar tana nufin komawa ƙauye. Wannan ne ya sa aka fara gina wa ƴan mata gidajen kwana a makarantu, irin na Kelle a yankin Gure. Wadda ta tsallake duk wannan ta samu aiki, sai ta tarar da mai cewa sai ta ba da kanta kafin ya sa hannu a takarda. Daga baya a zo ana tambaya me ya sa mata suka yi kaɗan cikin likitoci da alƙalai da majalisa, har sai da aka kafa dokar kaso a 2000 don a samar musu kujeru. An sare su ne tun suna aji biyu na kolej.

Baba, ka tambayi wa zai aure ta. Ni kuma ina tambayar irin auren da za a yi mata a ɓoye. Za a ba da ita ga wanda ya san ya karɓe ta a kan ragi, duk ranar da suka saɓa zai goranta mata, kishiya ta ji, dangin miji su ji. Yarinyar da ke firgita in namiji ya matso kusa da ita za a tura ɗakin wanda ba ta sani ba, in ta guje shi a ce ba ta da tarbiyya. Irin wannan aure bai cika daɗewa ba, sai ta dawo bazawara tana da shekara 16 da goyo, babu takardar karatu babu sana'a, ta ɗora wa tata ƴar farantin talla.

Mu mata ma muna da namu alhakin, domin a gidan biki da gidan suna bakinmu ne ke yanke wa yarinya hukunci, mu ne kuma masu jan ɗa gefe mu raɗa masa. Talla kuwa ba zan zagi uwar marainiya a kanta ba, na san abin da ke sa a ɗora ta. A layinmu mun yi yarjejeniya cewa yara suna fita bibbiyu, ba sa shiga zaure ko shago karɓar kuɗi komai sanin da suka yi wa mai saye, kuma kafin magariba kowa ta dawo. Wannan ragi ne kawai, domin mai niyya ba ya rasa hanya matuƙar ya san ƙarshen abin kuɗin magani ne.

Shawarata a aikace ita ce kada ki bar uwar nan ta fuskanci baffannin ita kaɗai. Ki nemi manyan mata biyu ko uku da ake jin nauyinsu a unguwar, da limamin da zai iya maimaita abin da Malam ya faɗa a sama, ku je tare kafin ranar zaman mai unguwa. A tanadi inda ita da yaran za su sauka idan aka yi mata barazanar kora daga gidan, a kuma sanar da baffannin cewa marayun suna da gadonsu a cikinsa. Makarantar mazaje da ake yabo a ƙasashe da dama a nan jihar Zinder aka fara ta, maza suna zama suna tattauna lafiyar matansu har suka sauya ra'ayin ƴan'uwansu game da awon ciki da haihuwa a asibiti. Ina roƙon mazan da ke cikinta, da masu zama a fada, da limaman Juma'a na Birni da Zango da Garin Malam, su ɗauki maganar fyaɗe su kira ta da sunanta a gaban maza. Malama, idan kun sa ranar zuwa wurin baffannin ki sanar a nan, zan rufe rumfata in zo.